Bututu Biyu, Bindiga Ɗaya

"Kowa ƙasa! Kada wanda ya ɗago kai!"

Barista ne ya daka tsawar, ya banke ƙofar gilashin da ƙafa. Rana tsaka ce, lokacin da layin masu sayar da waya ke yin sanyi, masu shaguna na gyangyaɗi a bayan kanta. Maiwalda ya faɗo a bayansa, fuska rufe da hular sanyi, ya saita bakin bindigarsa a ƙirjin mai shagon.

Mai shagon ƙato ne, mai tumbi. Ya zube kamar buhu. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta shige ƙarƙashin tebur tana salati. Wata mata da ta zo canjin waya ta rungume jakarta, ta kwanta a kanta.

"Buɗe ma'ajiyar baya — maza!"

"Na buɗe, wallahi na buɗe, kada ka harba. Ina da yara."

"Mu ma muna da su," in ji Barista. "Loda."

Da mai shagon ya san abin da aka saita masa, da kunya ta kashe shi kafin tsoro. Bututun famfo ne. Bututu da guntun ƙarfe da baƙin fenti, an haɗa su da walda mai kyau har da kunamar da ba ta ɗana komai. Maiwalda ne ya ƙera su guda biyu a shagonsa, a tsakanin aikin tagogi da ƙofofin mutane, kuma ko soja sai ya riƙe a hannu kafin ya gane.

Dokar Barista ce wannan. Ba lauya ba ne, ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa gani ba. Gidan yari ya zauna har furfura ta fito masa, yana sauraren shari'ar kowa, shi ya sa aka laƙa masa sunan. Ranar da suka shirya aikin, a bayan shagon walda, ya zauna kan tsohuwar taya ya yi wa 'yan'uwan biyu karatu, Maiwalda da ƙaninsa Auta, direban tasi.

"Tuhuma tukwane ce da aka jera, ƙarama cikin babba," ya ce. "Babbar ita ce fashi da makami. Ka buɗe ta, za ka tarar da fashi kawai a ciki. Ka buɗe wannan, ga sata. In mai gabatar da ƙara ya ɗauko babbar ya kasa kawo makamin, alƙali ba zai sallame ka ba, kada ka yaudari kanka. Zai sauko ne ya kama ka da ta cikin. Babbar rai da rai ce. Ta cikin 'yan shekaru ce, ka fito da haƙoranka a baki. Saboda haka ba ƙarfe mai tashi, ba wuƙa, ba duka, ba jini. Kun gane?"

Ya ɗaga bututun guda, ya juya shi, ya ajiye. "Ba laifi. Kayan wasan yara sun yi kyau." Sannan ya dafa kafaɗar Auta. "Amma ga aikin nan gaba ɗaya. In hannun yaron nan na kan sitiyari, barci nake yi."

Barista ya ƙara wata magana game da ƙarfe ɗaya a cikin taron mutane, amma kunnen Maiwalda ya riga ya tafi. Idonsa na kan hannun nan da ke kafaɗar ƙaninsa.

Haka abin yake tun suna yara. Auta ya yi dariya, gida ya yi haske. Maiwalda ya dawo da ido ja saboda tartsatsi, ya ajiye cefane, Umma ta ce, "Sannu, Babba. Ka ga Auta a hanya?" Maiwalda ne ya bar makaranta da ubansu ya rasu. Shi ya tsaya har aka ba Auta motar haya. To ga shi ko a cikin ɓarayi Auta ne ɗan gaban goshi, shi kuma mai kayan wasan yara.

Don haka ya ƙera ta uku, a ɓoye. Wannan tana tashi. Ya gwada ta a bayan gari, ta huda ganga. Ba don ya harbi kowa ya yi ta ba. So yake ya san cewa a cikinsu ukun shi kaɗai ne na gaske. Yanzu ma a shagon wayar tana soke a ƙugunsa, ƙarƙashin riga, sanyinta na taɓa fatarsa. Bai ko fito da ita ba.

"Ya isa. A ware!"

Buhu biyu cike da kwalayen waya. Suka fito da gudu. Motar na bakin titi, injin na kunne, ƙofofi a buɗe. Maiwalda ya faɗa gaba, Barista baya. Auta ya taka.

A cikin shago, yarinyar da ke ƙarƙashin tebur ba salati kaɗai take yi ba. Tun shigarsu yatsanta ke kan maɓallin kiran 'yan sanda da mai shago ya sa aka liƙa a wurin. Can a shataletale, wani Sufeton 'yan sanda na tsaye yana sasanta wasu direbobi biyu da suka gogi juna, sai rediyon oba-oba da ke hannunsa ya yi ƙara. Ya saurara, ya bar direbobin da bakinsu a buɗe, ya juya ga yaransa. "Ku hau. Farar tasi, mutum uku."

"Suna baya!" in ji Barista, yana leƙe ta gilashin baya. "Yaro, nuna musu."

Auta ya murza sitiyari. Ya karya hagu — ta gaban babbar mota — ya shige lungun masu katako. Kaji suka watse. Ya karya dama, tayar baya ta hau dakali, motar ta yi tsalle ta dire. A wannan direwar ce abin ya zame daga ƙugun Maiwalda ya faɗi tsakanin kujeru, harsashi guda ya gangaro har ƙafar Auta.

Auta ya kalli harsashin. Ya kalli yayansa. Fuskarsa ta canja.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "ta gaske ce?"

"Kalli titi."

Da diddige Auta ya ja bindigar ƙarƙashin kujerarsa. Barista bai ga komai ba, yana can yana ƙyalƙyala dariya don jiniya ta yi nisa. "Ban gaya muku ba? Yaron nan aljani ne."

A bayan kasuwar kayan miya Auta ya sauke su, kamar yadda aka tsara, ya wuce da motar. Saura su ratsa kasuwa su hau bas. Nan abin ya kwaɓe. Wani ɗan dako ya bangaji Barista, buhu ya yage, sabbin kwalaye suka zube a cikin tumatir, baƙin bututun ya biyo su.

"Ɓarayi! Ɓarayi da bindiga!"

Kasuwa ta taso. Sanduna, duwatsu, ma'aunin ƙarfe. Maiwalda ya yi gudun da bai taɓa yi ba, wani mahauci ya taɗe shi, ya ci da baki. Da Sufeto bai iso ya yi harbi sama ba, da a wurin za a gama shari'ar. Washegari aka kama Auta. A ƙofar gidan Umma suka same shi zaune, bai gudu ba. Da labarin ya iso wa Maiwalda a bayan kantar 'yan sanda, tsaki ya yi. Wato shi ya kwana da fasasshen leɓe a kan siminti, ɗan lele ya kwana a ɗakin uwarsa.

Bayan an kai su gidan yari jiran shari'a, wata lauya ta zo, gajeriya mai tabarau, ba ta da yawan murmushi. Ta zauna gaban Maiwalda, tebur a tsakaninsu.

"An tuhume ku da fashi da makami," ta ce. "Amma masu bincike sun duba bindigogin biyu. Bututu ne, ba sa tashi. Shaidu bindiga biyu suka gani, biyu aka samu. Ba wanda aka taɓa a shagon. Zan nemi mai gabatar da ƙara ya karɓi ƙaramin laifin da ke cikin tuhumar. Ka amsa shi, ka tsira daga babban. Za ka zauna, kada in yi maka ƙarya, amma za ka fito da ƙarfinka."

"Auta fa?"

"Nasa daban ne. Bai shiga shagon ba, ba wanda ya ga fuskarsa. An yi masa tayi."

"Wane tayi?"

"Wannan tsakaninsa da ni ne."

Ta tattara takardunta. Ta taga ya ga ta nufi ɓangaren da aka ajiye Auta. Ya tsaya yana kallo. Shi ko kujera ba ta ɗumama a wurinsa ba, amma can ta zauna har inuwa ta juya.

Ranar ziyara Umma ta zo. Ta rame, gyalenta ya yi mata yawa. Ta ragar waya ta dube shi, ta dubi leɓen da aka ɗinke, bakinta ya motsa kamar za ta ce wani abu. Abin da ya fito shi ne, "Na ji Auta na tari. Ɗakinsu da sanyi. In kana da bargo ka aika masa, kai ne babba."

"To, Umma."

A cikinsa kuwa wani abu ya kama da wuta.

A tsakar gidan yari, da la'asar, Barista ya ƙarasa hura ta, shi kuma bai san yana hurawa ba. "Shaida za su mai da ƙaninka," ya ce, yana sakace. "Su ce hayarsa muka yi, bayan an gama ya sani. Ƙaramar cikin ƙarama ke nan. Ko ma su sallame shi ranar. Kai, yaron nan da farin jini yake, ko a nan ka ga gandirobobi sun saba da shi."

Maiwalda ya duba ta shingen waya. Ga Auta can, yana yi wa wani gandiroba bayanin abin da ke damun motarsa da hannu, gandiroban na dariya. Ya hango sauran labarin tsaf. Auta ya fita. Auta ya kai Umma asibiti, ta sa masa albarka. Auta ya buɗe shagon walda, ya sayar da injin da Maiwalda ya yi shekaru yana lallaɓawa. Maƙwabta su ce, ai dama babban ne ya ja shi, yaron kirki. Shi kuma yana nan yana fasa dutse.

Ya gaya wa kansa cewa tsoro yake ji, wai Auta zai miƙa bindigar ya sayi kansa da ita. Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Da Auta zai miƙa ta, da ya miƙa tuni. Ba tsoro ba ne. Ƙyashi ne tsagwaronsa, irin wanda ke hana mutum haɗiye abinci.

Ya aika a kira masa Sufeto.

"Akwai ta uku," ya ce. "Ta gaske."

Sufeto ya ajiye hularsa a kan tebur a hankali. "Ta wa?"

"Ta direba. Ƙarƙashin kujerarsa take."

"Mun kwance motar har tayar baya. Babu."

"Ku je gidan mahaifiyarmu. Ginshiƙin ƙofa na dama bututu ne mai faɗi, murfin kansa yana ɗagawa. Ni na yi ƙofar. Nan yake ɓoye tabarsa tun yana yaro."

Sufeto ya dube shi. Ya ga masu cin amanar abokai don kuɗi, ya ga masu yi don tsoro. Wannan bai san inda zai ajiye shi ba. "Malam, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Ni bututu na riƙe, kowa ya gani. Shi ya riƙe ta gaske. A ba kowa nasa."

Sufeto bai gyara masa ba. Ba aikinsa ba ne.

Suka je da rana, maƙwabta na kallo. Bindigar ta zurma har gindin ginshiƙin, hannu ba ya kaiwa, sai da suka kawo injin yanka suka datse ƙarfen a gaban Umma. Tana nan naɗe cikin tsumman goge mota.

Lauyar ta dawo. Wannan karon ba ta zauna ba.

"Wa ya gaya maka ana raba makami kamar gado?" ta ce, muryarta ba ta tashi ba. "Mutum uku suka tafi aiki ɗaya da niyya ɗaya. In ɗaya na ɗauke da ƙarfe mai tashi, dukansu ke ɗauke da shi. Ƙaramin laifin nan da na ce ka amsa, yana nan ne don babu makami. Ka kawo makamin da hannunka. Yanzu alƙali ba shi da inda zai sauko."

"A motarsa take..."

"Waldar da ke jikinta fa? An jera ta da bututun biyu da ƙofar gidanku. Hannu ɗaya ne, ko makaho ya shafa zai gane. Ka iya aiki, wannan ba wanda zai ƙwace maka."

Maiwalda ya jawo kujera. Ya zauna.

"Tunda ka tambayi tayin da aka yi wa Auta, bari ka ji, don yanzu ba shi da amfani. Cewa aka yi ya tsaya a kotu ya nuna wanda ya ƙera bututun da wanda ya shiga shago, a sallame shi. Ya ƙi. Na zauna da shi har bakina ya bushe, ya ce abin da za a yanke wa yayansa a yanke masa, su fito tare. Ranar fashin yana da mota cike da mai da hanya a buɗe. Gida ya koma ya ɓoye maka ƙarfenka, ya zauna yana jiransu."

Ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kuma ba don shi mahaifiyarku ta zo ofishina ba. Ta ce ƙaramin ba ta jin sa, bakinsa zai fitar da shi. Babban take ji wa tsoro, don komai a ciki yake ajiyewa. Ta ce tun rasuwar ubanku kai ne gidan."

"Ba ta taɓa faɗa min ba."

"Ni ta faɗa wa."

Shari'ar ba ta ja dogon lokaci ba. Mai shago ya zo da sabuwar riga ya ba da shaida, har ya ƙara gishiri, wai ya ji ƙamshin albarushi. Yarinyar ta faɗi abin da ta gani ba ƙari. Aka ajiye abubuwa uku a kan tebur gaban alƙali, baƙaƙe, masu kama da juna kamar 'yan gida ɗaya. Alƙali ya ce da biyun farko ne kaɗai, da kotu ta duba ƙaramin laifin da ke cikin tuhumar. Ya ɗora alƙalaminsa kusa da ta ukun. Ya ce wannan ta rufe ƙofar.

Rai da rai, su ukun.

Barista bai yi gardama ba. Ya juyo ya dubi Maiwalda, idonsa ya yi ja. "Duk karatun da na yi maka," ya ce. "A ciki zan mutu saboda kai, ɗan iska. Ka roƙi Allah kada a haɗa mu ɗaki." Gandirobobi suka ja shi.

'Yan'uwan biyu ankwa ɗaya aka sa musu, hannun daman wannan da hagun wancan. Tun da aka haife su, yau ce rana ta farko da aka raba musu abu daidai wa daida. Maiwalda ya jira daɗin da ya sa rai zai ji. Bai zo ba. Ya jira zagi daga Auta, har so yake ya zage shi. Auta tari kawai ya yi, ya goge baki da kafaɗa.

"Yaya, da ka tambaye ni," ya ce.

A bakin motar gidan yari Umma na tsaye. Ba ta yi kuka ba, ta riga ta gama shi a gida. Maiwalda ya sunkuyar da kai, ya matsa gefe iyakar yadda ankwar ta bari, don ta samu ganin Autanta. Amma ba wurin Auta ta zo ba. Gabansa ta tsaya.

"Babba."

"Na'am, Umma."

"Ƙofar nan da suka yanke, ba ta rufuwa. Da igiya nake ɗaure ta." Ta gyara gyalenta. "Wa zai gyara min?"

Ya buɗe baki. Gandiroba ya tura su ciki, ya ja ƙofar ƙarfe, ya sa sakata.